Maƙwabcin Maharazu

Ana haramar sallar magariba na buɗe shagonmu da ke bayan kasuwar Gummi, na tayar da janareta. Ba aikin alheri ya kawo ni ba, gara in faɗa tun yanzu.

Ni da Maharazu tare muka koyi haɗa shafukan intanet, kuma ni nake nuna masa inda ya kuskure. Amma da ƙungiyar manoman shinkafa ta tashi neman manhajar rajistar taki, shi ta ba. Ni Kamilu ko kallo ban ishe su ba. Abin ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Sabar da muke ɗora ayyukanmu ta haya ce: babbar kwamfuta guda a wata ƙasa, mutane da yawa a ciki, kowa da ɗakinsa. Mu biyu kalmar sirri ɗaya muke shiga da ita. Maharazu kuwa bai taɓa shiga ba sai ya yi sallama da ƙarfi. In na yi masa dariya sai ya ce, "Inna ta ce gidan da ba kai kag gina ba, ba ka san wa ag ciki ba."

Ran nan da la'asar ya ɗora manhajarsa, washegari za a buɗe ta gaban shugabannin ƙungiya. Na ga ya rubuta sunan rumbun bayanai ba daidai ba, na ja bakina na yi shiru. Amma kuskure ɗaya ana gyara shi a minti biyar. Ni so nake a nemi aikin gaba ɗaya a rasa.

Na shiga ɗakinsa na cikin sabar, ba sallama. Na zaɓi fayilolin duka, zan goge su.

Janareta ya yi tari, ya mutu. Fanka ta tsaya. Kwamfutar tebur ce, ba ta da batir, amma allonta bai mutu ba.

Sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na tsohuwar rijiya. Bencin da nake kai ya yi ƙara, ya lotsa ta gefen dama.

Wani ya zauna.

Ban juya ba. Na ji ladan ya fara kiran salla can nesa, na nemi addu'a a bakina na rasa.

"Wanga ɗaki ba naka na ba," aka raɗa mini a kunne.

Hannu mai sanyi ya sauka a kan nawa. Yatsunsa sun zarce nawa tsawo, sosai.

"Mai shi na gaishe mu kullum. Kai fa?"

Yatsuna suka fara tafiya ba da izinina ba. Suka soke gogewar. Suka buɗe fayil ɗin da kuskuren yake, kai tsaye, domin ni na san wurin. Harafi bayan harafi, ina kallo ina hawaye, na gyara wa Maharazu aikinsa.

Shafin ya buɗe, tsaf.

"Tashi."

Allon ya mutu. Na fita a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Washegari manhaja ta yi aiki lafiya lau. Maharazu ya ga lokacin da aka yi gyaran, ya kamo hannuna a gaban jama'a. "Ga ɗan'uwa na gari! Da ba don shi ba, da yau na sha kunya. Allah shi saka maka, Kamilu." Ya ɗan dakata. "Mi as sami hannunka? Sanyi awa ƙanƙara."

Har yau da magariba hannun nan sanyi yake. Yanzu nakan yi sallama kafin in shiga saba, sau uku ma, da ladabi.

Ya kamata in ce na tuba, kuma ina ƙoƙari. Amma watan jiya nawa shafin ya lalace, na kwana biyu ina fama ni kaɗai. Bencin bai lotsa ba. Shekara uku muna gida ɗaya a sabar nan, ko aljanin ma Maharazu ya zaɓa.