Hadarin Gonar Haladu

A wani ƙauye kusa da Cadawa, da ka tambayi mutumin kirki, Haladu za a nuna maka. Sai dai kirkin nasa bai taɓa gamuwa da jarrabawa ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, Haladu ya bi wani boka cikin kwazazzabo, da rana tsaka. A can, wata tukunya ce binne har wuya a gindin busasshiyar tsamiya, an kewaye ta da ƙahonin awaki, ƙudaje sun baƙanta bakinta. Bokan ya sa ya tofa yawu a ciki, ya miƙa masa ƙoƙo. Ya ce in ya ɗaga shi sama, hadari zai zo inda yake tsaye.

"Don jama'ar gari nike so," in ji Haladu.

"Kowa haka shike cewa. Amma ruwan da ka janyo, gidanka za ya biya."

Haladu bai tambayi da me ba.

Karon farko a tsakiyar gonakin gari ya tsaya, kowa ya samu. Sai ya tuna yadda hatsi ke tsada in maƙwabta sun rasa. Daga nan hadari ya riƙa tsayawa daidai iyakar gonarsa. Ranar roƙon ruwa kuwa yana sahun gaba, ya fi kowa ɗaga murya. Kaka biyu, ya cika rumbuna, ya saye gonakin masu yunwa.

Sannan matarsa Batulu ta kamu da ƙishirwa. Ta sha randa guda, leɓenta na tsagewa. Likita bai ga komai ba. Ta bushe kamar kara, ta rasu. Haladu ya gane, tsoro ya kama shi, ya yi rantsuwa ya daina.

Damina ta uku hatsinsa ya fid da kai, saura ruwa ɗaya ya nuna, sama ta yi fayau. 'Yarsa Fadila, ita kaɗai ta rage masa, tana kwance tana lasar leɓe.

"Baba, ruwa."

Ya dube ta, ya dubi gona. Ya ce wa ransa sau ɗaya dai ba zai kashe ta ba. Ya ɗauki ƙoƙon ya fita.

Cikin ruwan nan aka haƙa kabarinta. Yau Haladu na yawo tsirara a kasuwa, yana roƙon gajimare su koma.

Kai mai cewa da kai ne ba za ka yi ba, ka gode wa Allah da bai miƙa maka ƙoƙon ba, kuma kada kwaɗayi ya kai ka nemansa.