Lambar da Na Rubuta wa Sausan

Ranar sha tara ga azumi, da la'asar, matata Sausan ta faɗi a kicin, ludayi a hannunta.

Wata biyu kafin nan wani asibiti a nan Mansura, ƙasar Masar, ya saka ta cikin binciken masu ciwon suga. Suka ba ta 'yar na'ura kamar tafin hannu. Ta soki yatsa ta auna suga, a rubuta lambar a cikin na'urar, lambar ta tafi wurin likitarta. Sharaɗin Dakta Nuha ɗaya ne: in suga ya sauka ƙasa da saba'in, a karya azumi nan take.

Idonta ba ya ganin ƙananan rubutun, don haka ni ke rubutawa. Shekara talatin ina koyar da nahawu, na ƙare a magatakardan yatsa.

Sai yayata Itimad ta zo yin azumi a gidanmu. Ita ce tun ranar neman aure ta ce mai ciwo ba ta riƙe gida.

"Oh, amaryarmu! A dafa miki na rana ne? Mu dai masu lafiya sai magariba."

Sausan ta yi murmushi, ta ja ni ɗaki. Ta soki yatsa ta auna.

"Nawa, Abu Hani?"

"Hamsin da takwas. Ci dabino."

"Rubuta ɗari da goma."

"Sausan..."

"Hasken idona, so kake ta gan ni ina tauna da rana? Shekara ashirin da shida take jiran wannan!"

Ta ɗora goshinta a kafaɗata.

Na rubuta ɗari da goma.

Washegari ɗari da takwas. Na iya tsara ƙarya, na karanta littattafai da yawa.

Ranar sha biyar Dakta Nuha ta kira ni.

"Ustaz Rif'at, lambobin Hajiya sun yi kyau da yawa. Ko ni lafiyayya ba na samun haka. Wa ke shigarwa?"

"Ni ne."

"Na'urar nan abin da aka ba ta take kawo mini. Da lambobin nake auna allurarta ta suga. In ba daidai ba ne, faɗa mini yanzu, in rage."

Sausan na bakin ƙofa, ta haɗa tafukanta tana roƙona da ido.

"Daidai ne, Dakta."

Ba a rage allurar ba.

Ranar da ta faɗi ina masallaci. Itimad na falo, ta ɗauka barci ne ya kwashe Sausan a ƙasa saboda zafi. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta farka ba.

Bayan sadakar arba'in 'yan asibitin suka aiko karɓar na'urarsu, har da takardar godiya. Wai Sausan ce ta fi kowa cika alƙawari, ba ta tsallake rana ko ɗaya ba.

Itimad har yau tana gaya wa mutane na so matata, ban taɓa hana ta komai ba.

Gaskiya ta faɗa.

Na ce wa Sausan ina sonta sau dubu, a baki da a takarda. Kalma ɗaya ce ban taɓa iya gaya mata ba.

A'a, Sausan.