Muryar da Aka Tace

Na'urar Gano-Zamani ta yi ƙara a hannun Haulatu, fitilarta ta koma ja. Ta rubuto a gilashi cewa akwatin wayar da ke jikin bangon tsohon yayi ne, manhajarsa ba ta dace da sabon tsari ba.

Aikin Haulatu ke nan a Kamfanin Ruwa na Ƙorama. Tana bi ofis-ofis tana tantance tsofaffin wayoyi, ta cire matattu, ta haɗa masu sauran rai da sabuwar cibiya. Wannan akwatin na ɗakin famfo ne, can ƙarƙashin madatsar Birnin Tsauni, inda Tanimu, ƙanen mahaifiyarta, yake gadi.

"Kawu, wannan kam sai an cire shi."

"Ki bar min abina, 'yar nan. Nan ƙasa wayar iska ba ta kamawa. Mai igiyar nan ce kaɗai ke kai magana sama."

Sai ta bar shi, ta jona shi da cibiyar hakanan.

Sabuwar cibiyar tana da manhaja mai suna Tace-Murya. An kawo ta ne don ma'aikata sun gaji da ihun masu ƙorafi. Duk kiran da ya bi ta layin kamfanin, tana cire hayaniya da kuka da rawar murya, ta sake gina maganar a natse. Gaggawa kuwa, sababbin wayoyi ne ke auna bugun zuciyar mai kira su kunna jar alama. Wayar Tanimu ba ta da ma'auni. Haulatu ta faɗa wa shugabanta, Injiniya Sadisu, wannan matsalar, ya ce za a duba bayan damina.

Wata Alhamis da la'asar, ana ta ruwa, kiran ɗakin famfo ya shigo da koriyar alama. Haulatu, wadda ke riƙe da teburin amsa kira a ranar, ta ɗauka.

"Haulatu, ruwa yana shigowa ta bango. Ƙofar ta ƙi buɗuwa."

Muryar a kwance take, kamar mai tambayar lafiyar gida. Ba ta ji ƙarar komai a bayansa ba.

"Yoyo ne, Kawu? Masu gyara sun fita, ka ɗan jira su."

"To, ki yi sauri."

Ta ajiye shi a layin jira, ta amsa wani jan kira, wani attajiri ne da famfon lambunsa ya tsaya.

Washegari aka fito da gawar Tanimu.

Haulatu ta shiga rumbun cibiyar ta nemo sautin kamar yadda ya shigo kafin a tace. Ta ji rugugin ruwa, ta ji yana dukan ƙofa, yana ihun sunanta har muryarsa ta dishe, sannan kalmar shahada. Rahoton kamfani ya ɗora laifin a kan tsohon akwati, ya yaba wa manhajar, har ana shirin kai ta asibitoci.

Tana nan zaune wayar ofishinta, ta layin kamfanin, ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"An ce ke kika ɗauki kiransa. Ya wahala?"

Haulatu ta durƙushe a ƙasa tana kuka, da ƙyar ta iya haɗa kalmomi. "Umma, ni ce na ce ya jira."



"Haulatu," in ji uwar, ita ma a natse, "ɗan'uwana ya mutu a hannunki, ko kuka ba kya yi?"