Takardar Amsa a Jakar Furera

Gwiwoyin Furera sun ƙuje a kan simintin filin makaranta inda aka sa ta durƙusa, amma ba ta ji ba, don kunyar da ta lulluɓe ta ta fi ƙarfin kowane ciwo. Ɗalibai sama da ɗari uku sun zuba mata ido, shugaban makaranta kuwa ya ɗaga wata takarda sama yana juya ta, yana faɗa da Turanci yana maimaitawa da Yarabanci, cewa ga ɓarauniyar amsa an kama. Saura kwana biyar a yi gasa da bajekolin lissafi na makarantun Agege da ke Legas, a shekarar dubu biyu, kuma jiya aka yi jarabawar da za a zaɓi wanda zai wakilci makarantar. Takardar amsoshin Malam Abdulganiyu ta ɓace daga durowarsa, aka caje jakunkuna, sai ga ta a jakar Furera...

"Wallahi Malam ban taɓa ganinta ba," in ji Furera.

Malam Abdulganiyu, Bayaraben da ya shekara biyu yana yabon ta a gaban aji, ya kawar da kai. Wannan kawar da kan shi ya fasa mata kuka.

Furera marainiya ce, tana shekara shida mahaifiyarta ta rasu. Ita da mahaifinta Almu, ɗan dako a kasuwar Mile 12, suna zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayarsa, Gwaggo Kalsum. 'Yar Gwaggo, Laila, ajinsu ɗaya, kuma ita ce ta ci ashirin cif a jarabawar, Furera ta ci sha tara. Nan take aka ce Laila ce za ta je gasar.

Aka aika a kira Almu. Ya zo da gammonsa a hannu, rigarsa jiƙe da gumi. Da aka karanta masa laifin bai yi musu ba, bai ma san yadda ake musu da masu biro ba. Ya zube ƙasa a ofis, dattijo mai furfura, yana cewa, "Oga, a yi haƙuri, kada a kore ta. Ba ta da uwa." Furera ta runtse ido, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Aka dakatar da ita mako biyu.

A gida abin ya fi muni. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu, matan haya suna leƙe. "Ni dai na ce boko ba na kowa ba ne. Yau takarda, gobe tukunyata." Ta shiga ɗakin, ta kwaso siffofin kwalin da Furera ta yi wata guda tana yankawa tana liƙawa da koko domin bajekolin, dala da alwatika da mazurari, ta cusa su a murhu ta ɗora ruwan tuwo. Furera na kallo suka ƙone suka zama toka.

"Yaya, ki yi mata a hankali," in ji Almu.

"Ka rufe min baki, kai ka lalata ta."

Almu bai doki Furera ba, bai kuma tambaye ta ba, sai dai tun daga ranar ya daina bin babban layi, yana zagayawa ta bayan hanyar jirgi don kada ya haɗu da masu zaman majalisa a bakin titi. Ita kuwa ko famfo ba ta iya zuwa. Ta idar da salla ta kifa goshi tana hawaye: "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ko ba don ni ba, Ka wanke Baba."

Ranar jajibirin gasar, Malam Abdulganiyu ya tsayar da Laila gaban allo don bita. Ya ba ta tambaya ta bakwai, wadda ita kaɗai ta ci a ajin. Laila ta riƙe alli tana zufa, ta kasa ko layin farko. Ya karɓa ya fara yi da kansa, sai ya tsaya cak. Amsar da ta fito ba ita ce ta takardarsa ba, ashe shi ne ya yi kuskure tun farko. Ya ɗauko takardun jarabawa ya duba. Laila ta kwafi kuskurensa lamba da lamba. Furera kuwa, wadda ya ja wa jan biro, amsarta ce daidai.

Ba a daɗe ana tambayar Laila ba ta fashe da kuka. Ta ce ita ta ɗauka, da ta ji za a yi caje ta jefa a jakar 'yar'uwarta, kuma Gwaggo ta sani tun ranar.

Da la'asar Malam ya yi sallama a gidan, ya cire hularsa. "Baba Furera, na zalunci 'yarka. Ta fi ni gaskiya, ta kuma fi ni lissafi a wannan tambaya. Ku yafe mini."

Hawaye suka bi gemun Almu. Ya juya ga 'yarsa. "Uwata... ni ma ban tambaye ki ba. Ki yafe wa babanki."

Ta faɗa jikinsa tana kuka.

An kori Laila daga makarantar, aka janye dakatarwar Furera, aka ce ita ce za ta je gasar. Da mijin Gwaggo ya ji rawar da matarsa ta taka, ya sa ta ba Furera haƙuri a gaban matan haya duka, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta iya ɗaga ido. Matan nan suka kwaso kwalayen sabulu da na madara, wata ta dama koko, wata ta kawo almakashi, kafin magariba siffofi sun tsaya a kan tabarma.

Da safe Almu bai je kasuwa ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗora kwalin siffofin a kansa, Furera na biye. Ya miƙe babban layi, yana tafiya a hankali, duk majalisar da ya tarar sai ya tsaya ya yi sallama.

"Ina zuwa haka, Malam Almu?"

"Gasar lissafi," ya ce, yana gyara kayan a kansa. "Ita za ta yi. Ni rakiya ce tawa."