Shacin da Radiya Ta Goge a Kwarin Tarka

Da la'asar sakaliya Radiya ta sa kawunta Dodo ya ɗauke ta a babur daga Belbeji zuwa kwarin Tarka. Ranta a ɓace yake.

Shekara uku tana karatu a Turai kan taurarin ɗan Adam uku da za a harba, su riƙa aika wa juna haske don jin girgizar sararin samaniya. Amma tsakaninsu akwai wata siririyar iska mai zafi da rana ke fesowa, filasma, tana dagula hasken. Aikin Radiya shi ne rubuta manhajar da za ta goge wannan hayaniya. Da safen nan, tana hutu a gida, malaminta ya aiko saƙo ta salula: manhajar ba ta da amfani, zai miƙa aikin ga wani.

"Zan nuna masa," in ji ta.

Ta kafa eriya nesa da wayoyin lantarki, inda ake iya jiyo ƙarar filasmar sama, ta haɗa ta da kwamfuta. Kawu Dodo ya dubi rana.

"Ɗiyata, almuru ya kawo jiki. Nan ba wurin tsayawa ba ne."

"Kawu, don Allah ka ƙyale ni!"

Ta sa abin saurare a kunne. Shaci, ƙarar shuuu irin ta rediyo. Tartsatsi kamar ana suya. Fito mai gangarowa. Ta danna manhajar, shacin ya ɗauke ɗif.

Sai sautin numfashin wani kawai ya saura.

"Mayar da shi," in ji wata murya ƙasa-ƙasa.

Ta ɗauka wani ne ya shigo mata layi. "Wane mara kunya ne wannan?"

Ta fizge abin sauraren ta yar. Muryar ba ta tafi ba. Tana daidai ƙeyarta.

"Muna magana, kin goge. Wa ya aike ki?"

Ƙaurin ƙarfe mai zafi ya cika hancinta. Gashin hannunta ya miƙe. Wata shuɗiyar wuta marar hayaƙi ta lashi kan eriyar.

"Aikina ne!" ta daka tsawa. "Shekara uku!"

"To, mu ma mu goge."

Kukan gyare ya ɗauke. Sai na tumakin da ke can nesa. Sai iska.

Ta waiga. Kawu Dodo na gudu zuwa gare ta, bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa a tashe. Ba sauti.

Ta kira sunan Allah. Ba ta ji kanta ba.

Bugun zuciyarta ma ya fara nisa.

Ta faɗa kan kwamfutar. Madannan sun yi zafi kamar garwashi. Fatar yatsunta ta manne. Ta cije, ta kashe manhajar.

Shacin ya dawo da ƙarfi, har ya buga ta ƙasa.

Kawu ya ja ta bisa babur. Suka bar komai a wurin, ba wanda ya waiwaya.

Yatsunta uku sun warke a murɗe. Kawu Dodo kuwa kwana tara ya yi yana motsa baki a banza, iyalinsa na kuka, malamai na tofi. Rana ta goma muryarsa ta dawo, a dushe. Radiya ta je da sassafe ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

"Kawu, ka yafe mini."

Ya dube ta. Sannan ya juya ga matarsa.

"Binta, ce mata ta fita."