Da Ita da Muzurunta

La'asar ta ɗan gota, hadari ya haɗo daga gabas, iska tana kaɗa ledoji a bakin tashar Kankia, sa'ad da Hafizu ya tura babur ɗinsa ƙarƙashin wata rumfa. Waken da ya kawo daga Dudunni ya riga ya sauke, hanyar gida kawai yake nema. Sai ya tarar da wata budurwa rungume da kwando, kwandon kuwa yana ta kuka.

"Baiwar Allah, jariri ne ko kaza?"

Ta ɗaga zanen da ta rufe shi. Wani baƙin muzuru ne mai yagaggen kunne.

"Sunansa Dogo," in ji ta, idonta jajir. "Daga Katsina muke, wajen likitan dabbobi. Wai yana da cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwoyi, ba ta da magani. Na marigayiya mahaifiyata ne."

Hafizu ya durƙusa gaban kwandon. Ya miƙa yatsa a hankali, muzurun ya shinshina ya kwantar da kai. Da ruwa ya ɗauke, ya san sunanta Basira, ya san gidan mahaifinta Malam Umar, zuciyarsa kuma ta ƙi hawa babur ɗin tare da shi.

Wata huɗu yana zuwa zance. Ran da ya yi maganar aure, ta sunkuyar da kai.

"Nawan, abu guda nake roƙo. Inda na je, da Dogo zan je."

Nan maganar ta cije. Inna Kubura, mahaifiyar Hafizu, tana da kyanwoyi uku masu tsaron rumbunan gero da wake, ji take da su kamar jikoki.

"Mi? Muzuru mai cuta cikin gidana? Ya kashe mini mussoshi, ɓeraye su cinye mu? Yarinya dai na yarda, ɗiyar mutunci ce. Amma ta zo ita kaɗai."

Da Malam Umar ya ga magabatan Hafizu sun yi shiru, ya hana Basira fitowa zance wurinsa. Ga kuma wani Bishir, ma'aikacin sakatariya, ya fara sallama da mota.

Ranar Laraba saƙo ya shigo wayar Hafizu:

"Nawan, Bishir ya ce a sa Dogo a buhu a yar a daji, ya kawo mini farar kyanwa daga Kano. Na bar masa zauren. Yau kwana goma sha ɗaya ban ga fuskarka ba."

Ya daɗe yana haɗa amsa, don rubutu ba ya yi masa sauri:

"Basirata, ki ci abinci. Turo mini lambar likitan nan."

Likitan ya yi masa bayani dalla-dalla. Cutar ba ta kama mutum. Tsakanin kyanwoyi ma yawanci ta cizo mai zurfi take bi, in ana faɗa. A fiɗiye Dogo ya daina neman rigima, a riƙa kula da lafiyarsa, sannan shi da kyanwoyin Inna a saba musu da warin juna tun kafin su haɗu.

Aka fiɗiye Dogo. Daga nan Hafizu ya shiga wani aiki da samarin Dudunni suka mayar abin dariya. Kowace Juma'a zai goge kyanwoyin Inna da tsumma, ya kai Kankia ya ajiye a zauren Malam Umar, ya ɗauko wanda Dogo ya kwana a kai.

"Wasu turmin atamfa suke kai wa budurwa, kai tsumma!" in ji abokinsa Labaran.

Bai damu ba. Ba ya ganinta, sai dai ya ji motsin takalminta bayan ƙofa, ya tsaya jim, ya juya. Tsumman yana zuwa da gashin Dogo da ƙamshin humrarta. A kan hanyar Kusada yakan tsaya ƙarƙashin wata tsamiya ya kai shi hanci, kafin ya tuna ba don shi aka aiko ba.

Makon farko kyanwoyin suka yi ta huci suna gudu. A na biyar sai Inna ta tarar da dukkansu uku sun nannaɗe a kai suna barci.

"Wannan ƙazantar ta mene ce?"

Ya faɗa mata gaskiya. Ta yi salati, ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Kwana uku tana ɗaga kyanwoyin ɗaya bayan ɗaya, tana duba ido da baki. Lafiyarsu ƙalau. A rana ta huɗu ta kira shi.

"Kai dai da naci kake, kamar ubanka. Ka sa wa ɗakin amaryar ƙofar raga. In muzurun ya ciji mini ko ɗaya, da kaina zan mai da shi Kankia. Je ka gaya wa kawunka ya shirya goro."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Motar amarya ta shigo Dudunni da guɗa, Dogo yana kwando a kan cinyarta. Mako uku yana kallon tsakar gida ta bayan raga. Ran da aka buɗe, kowa ya zuba ido. Babbar kyanwar Inna ta matso, suka haɗa hanci, ta yi hamma ta wuce abinta. Basira ta fashe da kuka, ta durƙusa gaban surukarta.

"Tashi, ɗiyata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ku da dabbobinku."

Washegari da hantsi Hafizu yana gyaran babur, Basira tana madafa. Dogo ya kwanta a bakin taga yana miƙa wuya wajen ɗan hasken da ke ratsa asabari. Inna Kubura ta zo wucewa da ƙwaryar gero a ka. Ta waiga hagu da dama, ta naɗe asabarin sama rana ta sauka a bayansa, ta wuce wajen turmi.