Afolo a Soron Ɗinki

"Wa ya zagi wa? Ke dai kin tsinci wutsiyar magana ta kan katanga kin ɗauko. Mutumin da kwana uku ko hancinsa ba ya gani, shi zai zauna ya jera wa Darakta zagi layi-layi? Koma ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Da wannan Inna 'Yardada ta sallami maƙwabciyarta, ta gyara mayafi ta nufi soro, inda Saje Salihu ke tsaye da takarda a hannu. Ɗanta Maharazu na kwance a kan tabarma, jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Tun ranar Lahadi da ya dawo daga Ikko ya zo da ciwon idon nan da ake kira afolo, idanu jajur, kwantsa ta manne su. Matarsa ta kwashi yara ta tafi gidansu don kar su ɗauka, jinya ta faɗo kan tsohuwa.

Saje ɗan unguwa ne, a gabanta ya yi rarrafe. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Mazan unguwar Soron Ɗinki suna da guruf a waya. Sati biyu ke nan ana musu a ciki, tun da aka ji a rediyo wai gwamnati na shirin kashe maƙudan kuɗi a harba sabon tauraron ɗan'adam. Wasu sun ce ɓarna ce, ga famfo ba ruwa. Wasu sun ce da shi za a riƙa hango 'yan bindiga a daji. Jiya Talata sai ga rubutu ya fito daga lambar Maharazu, da sunan Daraktan ma'aikatarsu ɓaro-ɓaro. Darakta ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Ranar Litinin kuma kwamiti zai zauna a ofis, aikin Maharazu na shekara ashirin da shida na shirin tafiya.

"Karanta min," in ji ta. "Ni baƙaƙen boko ba su san ni ba, ni ma ban san su ba."

Saje ya karanta. "Ni ina ciki, na ga takardar da idona. Darakta ya cusa sunansa da na matarsa cikin masu zuwa ƙasar waje kallon harba tauraro. Ɓarawo ne. Mu nan rijiyar gidanmu ta ƙafe tun azumi, su kuma suna neman hanyar wata."

"Sake ƙarshen."

Ya sake. Ta juya ta taɓa ƙafar ɗanta da sanda.

"Kai ka rubuta?"

"Haba Inna. Ni fa a guruf ɗin nan ni nake kare tauraron."

"Ban tambaye ka wa kake karewa ba. Uban da ya haife ka ma ya yabi mutum da safe ya tsine masa da yamma. Kai ka rubuta?"

"Wallahi ban rubuta ba."

Ta tambayi Saje lokacin da rubutun ya fita. Ya ce ƙarfe biyu da minti arba'in. Ta ce ita ba ta san minti ba, an idar da azahar ko ba a idar ba? Ya ce an idar.

Nan ta tuna wani abu. Jiya bayan azahar ta ba Maharazu maganin da ke sa shi barci. Ya kunna karatun Alƙur'ani a waya, ya ɗora ta a kan hankicin da yake goge ido, ya kwanta. Ita tana tsakar gida tana tsintar wake, tana jin Baƙara na tafiya. Can sai karatu ya yanke a tsakiyar aya. Ya ɗauki lokacin da mutum zai yi alwala ya yi raka'a biyu, sannan ya dawo, daga bisimilla.

"Kai ka mayar da shi farko?"

"Ni ban farka ba sai la'asar."

"Wayar tana da makulli?"

"Sai da yatsana take buɗewa. Amma in karatu na tafiya, a buɗe nake barin ta."

"To an shigo sorona ba sallama." Ta dubi Saje. "Salihu, ka bar min shi zuwa Juma'a."

"Inna, umarni aka ba ni in tafi da shi."

"Tafi da shi. Ka sa shi a ɗakinku, jibi ofishinku kaf har babbanku ku wayi gari ido kamar gauta."

Saje ya dubi tsumman, ya ɗan ja da baya. Ya ce Juma'a ta yi.

Kafin su fita ta sa ya kunna mata muryoyin guruf ɗin. Ta zauna ta saurara kamar mai jin shari'a. Wani ya ce ƙasar da ba ta iya gyara kwata ba, me za ta yi a sama. Wani ya ce masa jahili. Wani ya kawo lissafin abin da Indiya ta kashe a nata tauraron, wani ya ce duk aikin jam'iyya ne, zaɓe ya matso. Abdulmalik tela, abokin Maharazu tun makarantar allo, ya yi magana har sau tara, kowace murya ta fi ta baya zafi.

"Duk waɗannan a cikinsu akwai wanda ya taɓa hawa ko rufin ɗakinsa?" in ji ta. "Ni dai abin da na sani, shekarar da aka kawo ni gidan nan aka ce Turawa sun hau kumbo sun je wata. Tsarabar da ta iso mana ita ce wannan ciwon idon, har sunan kumbon aka sa masa. Tashi mu je."

Mutum uku ne ke shiga soron nan ba su jira an amsa ba. Suka fara da Ɗanladi mai cajin waya, a bakin layi.

"Wayar Maharazu ta zo hannunka jiya?" in ji Saje.

"Ta zo. Inna ce ma ta kawo da kanta."

"Yaushe?"

"Bayan la'asar. A leda ta kawo ta, tana warin sabulu. Na ce Inna waya ba a yi mata wanka, ta ce in yi aikina."

"Da azahar kana ina?"

"Ina nan. In na ɗaga minti biyar, waya sittin ce a kan teburin nan, wa zan bar wa?"

Mai shayin da ke gefe ya ce ko salla a nan bakin tebur ya yi ta. Inna ta matsa kusa ta leƙa fuskar Ɗanladi har ya tsargu, sannan ta wuce.

Haruna suka samu a Ƙofar Ruwa ya dawo daga aiki. Ofishinsu ɗaya da Maharazu, kuma shi ne mai bi masa a muƙami.

"Ka je dubiya jiya?"

"Da safe. Daga bakin ƙofa na tsaya, ko hannu ban ba shi ba."

"Na gan ka," in ji Inna. "Ka toshe hanci, kamar da hanci ake ɗauka."

"Ƙarfe biyu da arba'in fa?" in ji Saje.

"Muna mitin. Mutum goma sha ɗaya, Darakta na zaune a gabana."

"To wa ya nuna wa Darakta rubutun? Shi ai ba ya guruf ɗin."

Haruna ya dubi takalminsa. "Na ga bai kamata ya ji a waje ba."

"Ya tambaye ka?" in ji Inna.

"Bai tambaya ba."

"Madalla. Allah ya ba ka kujerar, ya sa ka duba ƙusa kafin ka zauna."

A hanya Saje ya ce shi wannan bai kwanta masa ba. Ta ce Haruna mai ɗauka ne ya kai, ba shi da zuciyar da zai shiga soron mutane ya taɓa abin mai ciwo.

Abdulmalik na shagonsa yana taka keke. Ya tashi da sauri ya ba ta kujera, ya aika a kawo mata ruwa.

"Abokinka na kwance, ba ka leƙo ba," in ji ta.

"Wallahi Inna aiki ne ya yi yawa. Kuma tun da na ji afolo ne na ce bari ya lafa. Tela in ya rasa ido ai ya rasa abinci. Rabona da gidan tun kafin ya yi tafiya."

"Ka kyauta wa kanka."

"Wannan abu bai yi daɗi ba. Amma fa Saje, abin da aka rubuta ɗin, a bincika. Ba mamaki gaskiya ne."

Ta kalli idonsa. Fari tas. Ta sha ruwanta ta yi godiya.

Ranar Alhamis ba ta je ko'ina ba. Saje ya zo ya same ta tana wanke wa Maharazu ido da ruwan ɗumi. Ya ce lokaci na tafiya, ba su da kowa a hannu. Ta ce ya je ya zaga unguwa, ya tambayi mai kemis ko an sayi maganin ido. Ya dawo ya ce babu wanda ya saya sai ita, kaf Soron Ɗinki babu mai afolo sai ɗanta. Ta ce to ya je ya huta. Maharazu ya tambaye ta me take jira. Ta ce abin da take jira ba ita ta shuka ba, amma gobe zai tsiro.

Juma'a da hantsi suka sake zagawa. Ɗanladi idonsa ƙalau. Haruna suka tare shi zai hau babur, shi ma ƙalau. Da suka isa shagon Abdulmalik, keke a rufe, shi yana zaune can ciki inda ba haske, da baƙin tabarau a fuska.

"A'a, ango," in ji Inna. "Wannan gayu fa?"

"Rana ce take damuna."

"A cikin shago?"

"Kaina ke ciwo, Inna."

Ta zauna a kujerar ranar nan. Ta kwance bakin zane ta fito da allura da zare.

"Zura min. Tun safe nake fama, idon tsufa ya ƙi."

Ya karɓa. Ya kai zare, ya wuce. Ya lasa ya sake kaiwa, ya wuce. Mutumin da ke zura allura yana hira bai duba ba, sai ga shi yana laluben kafar allura. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau ya sauka a gemu.

"Cire," in ji Saje.

Ya cire. Idanun sun kumbura, jajur, kwantsa a gefe.

"Ciwo ne, kowa na iya ɗauka," in ji shi. "Kasuwa nake shiga."

"Kowa na iya ɗauka," in ji Inna, "amma a unguwar nan gida ɗaya ake rabawa, kai kuma ka ce rabonka da gidan tun kafin tafiya. Zauna in gaya maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara min. Talata bayan azahar ka zo dubiya, don kai ba mugu ba ne, ka zo. Ka tarar yana barci, waya a buɗe a kan hankici. Hankicin nan ya sha hawayen kwana biyu. Ka ɗauka, ka tsayar da karatu, ka yi rubutunka. Da ka gama ka rasa inda malamin ya tsaya, ka mayar da shi bisimilla. Sannan ka fito ka murza ido, don kai ko magana kake sai ka murza ido, tun kana yaro. Ɗanladi ya taɓa wayar, amma sai da na wanke ta. Haruna ko inuwar soron bai taka ba."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Kuma ka yi mantuwa. Ka ce rijiyar gidanmu ta ƙafe tun azumi. Rijiyata tun da aka haƙa ta ba ta taɓa ƙafewa ba. Taka ce ta ƙafe. 'Yarka Maimuna kullum da safe a gidana take cika jarka. Da Salihu ya karanta min na san gida huɗu ne ke ɗiba a wurina, cikinsu mutum ɗaya ne ke shiga sorona ba sallama. Jira kawai na yi idonka ya sa hannu."

Saje ya fito da littafinsa. "Me ya sa?"

Abdulmalik ya share fuska da hannun riga. Da ya buɗe baki, muryar guruf ce ta fito.

"Sati biyu ina faɗa ana min dariya. Wai tela me ya sani game da sararin samaniya. Na ce in ma'aikacin gwamnati ya faɗa, za su ji. Guruf ɗin unguwa ne, ban zaci zai fita ba."

"Takardar da ka ce an gani fa?"

"A wurin aski na ji ana faɗa. Amma duk wanda ya san mutanen nan ya san za su aikata. Ana sayen ruwa a jarka, su suna maganar tauraro. Ƙarya na yi? Inna, ke ki faɗa, ba gaskiya ba ce? Wani dole ya faɗe ta."

Mutane sun fara taruwa a bakin shago. Wani daga baya ya ce maganar ruwan dai gaskiya ce. Wani ya ce masa ya yi shiru, tauraron ma ai ruwan sama yake hangowa. Musu na neman tashi sabo, Saje na ɗaga hannu ba mai kallonsa.

Inna 'Yardada ta karɓi allurarta ta soke a bakin zane. Ta dafa sanda ta miƙe a hankali, sai da aka yi shiru.

"Ni ban san sama ba, ban san Darakta ba. Wataƙila gaskiyar ce. Amma kai ka haife ta, Abdulmalik. Me ya hana ka yi mata suna a gidanka, sai ka lallaɓo ka ajiye ta a ƙofar ɗana, shi ya yanka rago?"